Jan ƙyallen tsamiyar tasha

Ina jiran motar Doso a gindin tsamiyar bakin tashar Gaya, sai wani Alhaji mai gilashi ya tsaya a kan tsohuwar da ke soya kifi a inuwar.

"Inna, ki fara neman wani wuri. Na sayi filin nan, butik zan gina, babban kanti. Gobe za a sare iccen nan."

"To, Alhaji, Allah ya ba da sa'a. Wa zai sare maka?"

"Wani na ɗauko daga Malanbil."

"Duk faɗin Gaya babu mai gatari?"

"Mutanenku ne da tsoron banza! Ni na yi lakwal, ɗan boko ne ni, ban yarda da iskoki ba."

"Ni na ce iskoki? Kifi nake soyawa."

"To wancan jan ƙyallen da aka ɗaure a reshe fa, na mene ne?"

"Oho. Wanda ya sayi wurin kafin kai ma haka ya tambaye ni."

"Me ya same shi?"

"Ban sake ganinsa ba, ban kuma bi sawu ba. Amma kai ai ka yi lakwal."

Alhaji ya ɗaga kai sama, ya ɗan ja da baya.

"Ko da yake, butik mai inuwa ta fi jan mutane. A Kwatano ma haka suke yi. Sai a matsar da ginin baya kaɗan."

"Ka ga amfanin karatu ke nan, ɗana."

Da ya tafi na dubi ƙyallen, na dubi yagaggen gefen zanen tsohuwar. Yadi ɗaya ne.