Jirgin da ba ya barin kowa a gaɓa

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, sannu da aiki. Ni ne Idi mai kayan babur, daga Zongon Lome.

Garinmu ƙarami ne, a bakin tafki can Nijeriya. Muna yara akwai babban jirgin ƙarfe mai hayaƙi, yana kwasar mutane da shanu, ba ya barin kowa a gaɓa. Da haka muka tashi, abin kunya ne a ce wa ɗan gari babu wuri. Jirgin ya lalace, ana ta za a gyara har tsatsa ta cinye shi. Muka koma kwalekwalen katako, amma al'adar tana nan.

Ranar kasuwar da ta wuce, ƙanwata Hassu ta iso gaɓa kwalekwale ya cika. Matuƙin, Sale, ɗan maƙwabcinmu ne. Ya ce, "Inna, ki jira sawu na biyu." Fasinjoji suka yi masa caa: "Kai, sa'ar uwarka za ka bari a rana?" Ya ɗauke ta. A tsakiyar ruwa suka kife. Sale ya fito, Hassu ba ta fito ba.

Yanzu 'ya'yanta suna ta bugo mini waya, wai ni ne babba, in yanke: a kai Sale kotu ko a yafe. Wallahi ko sunansa ba na son ji. Amma masu sauraro, ku ba ni shawara. Yaya zan sa a ɗaure mutum ɗayan da ya ce kada ta shiga?