Ɗakin Gilashi da Muryar Oga Remon

Ɗankunnen zinaren Mama aka sayar na hau jirgi, shi ya sa har yau in ta sosa kunne nake sunkuyar da kai. Ummi, matsa ki ba Sadik wuri, in kuna son labarin Kuala Lumpur ku rufe min baki. Kaka ma har na dawo Kolan Lafur take cewa.

Da na gama karatu na samu aikin amsa waya a wani kamfanin Turawa kusa da unguwar Brickfields. Manajanmu Oga Remon, mutum ne mai magana ta hanci, kowace jimla sai ya liƙa mata "lah" a wutsiya. Sati biyu na yi na haddace shi. Har tarinsa na iya.

Kusa da teburina akwai Liya, 'yar Ajantina, ta girme ni. Kullum tare muke cin shinkafa a kan ganyen ayaba a shagon Indiyawa. Wata rana na tsokane ta, na ce ke ko akuya ce, ba kya cin nama? Ta dubi hagu ta dubi dama, ta ce ita Bayahudiya ce, naman garin bai halatta gare ta ba, kuma don Allah kada maganar ta wuce teburin nan. Lokacin yaƙin da ake yi da ƙasar Yahudawa ya yi zafi, zagin Yahudawa ake yi a ofis kamar gaisuwa, har da masu cewa da za su samu ɗaya da ya gane kurensa. Tana ji tana amsa wayarta.

Hedkwatar kamfanin ta buɗe wa ma'aikata Yahudawa ƙungiya, suna haɗuwa ta intanet su faɗa wa juna damuwarsu. Liya daga ɗakinta take shiga, a ɓoye. Sai Oga Remon ya samu labarin akwai mutum ɗaya a reshensa, amma ba a ba shi suna ba. Shi kuwa yabo yake nema daga sama. Ya kama ɗakin taronmu, wanda bangonsa duk gilashi ne a tsakiyar ofis, ya manna sunan ƙungiyar ɓaro-ɓaro a ƙofa, ya sa aka kawo abinci.

"Wanda abin ya shafa ya shiga lah, kada ya ji kunya! Hoto ɗaya kawai. In bai shiga ba zan nemi sunansa a sama, in tallafa masa da kaina."

Tallafi! Na dubi Liya. In ta shiga, an gan ta kamar kifi a kwalba. In ta ƙi, ya tono ta.

Da ya sauka tarbo mai hoto, na laɓe bayan ƙofar ofishinsa, na toshe hanci na kwarara: "Kowa da kowa ɗakin gilashi! Abinci kyauta lah! Wanda bai zo ba babu hutun Asabar!"

Ku zo ku ga gudu. Masu zagin nan su suka fara cika faranti. Liya ta bi tsakiyar mutane ta shige, ta zauna kamar kowa.

Akwai wani Bashir, ɗan nan garinmu, ya cika baki da shinkafa ya ce min da Hausa, "Ke Hafsa, wai ina Bayahuden? Wallahi ina ganinsa zan gane shi, ai ba sa ɓuya."

Na ce, "Haɗiye tukuna, malam mai gani har hanji."

Ya juya wajen Liya yana washe baki, wai ko za ta riƙe masa wayoyinsa ranar Juma'a ya je masallaci kamar yadda ta saba? Ba ta jin Hausa, amma kalmar Bayahude da ya faɗa ta gane ta. Ta ce, "Boleh," wato ba damuwa da yaren garin, ta miƙa masa ruwa. Ni da bakina ba ya rufuwa, ranar sai da na ciji harshe.

Oga ya dawo ya tarar da ɗaki maƙil. Sai kawai ya gyara wuyan riga ya shiga tsakiya aka ɗauki hoton. Hedkwata ta yaba masa, wai reshensa ya fi kowane haɗin kai.

Washegari ya kira ni. "Ke ce kika yi muryata. Wa kike karewa?"

Na so in yi shiru, wallahi na so. Sai kawai na ji hancina ya ce, "Ban san komai ba lah."

Da kwantiragina ya ƙare bai sabunta ba, biza ta bi shi. Liya ta raka ni tashar jirgin ƙasa mai zuwa filin jirgin sama, ta rungume ni tana kuka, ni ina kwaikwayon kukan don kada nawa ya fito. Haka na dawo da akwati ɗaya da atamfar da na tafi da ita.

Tana can har yanzu, a teburinta, ba wanda ya sani. Me kika ce, Ummi, in nuna miki hotonta? A'a. Kuma sunanta ba Liya ba ne, ba kuma 'yar Ajantina ba ce. Ƙanwar Bashir ajinku ɗaya, kuma na san bakinki.