Wata Takwas Muna Cewa Hayaki Ne

Mai girma shugaban wannan taro, shugabar ƙungiyar masu aikin sa kai, likitoci da ma'aikatan jinya da suka bar hutunsu suka zo, abokan aikina 'yan kwana-kwana na da da na yanzu, iyayenmu mata da ke ƙarƙashin rumfa, maƙwabtanmu na bayan katanga da jiniyarmu ta daɗe tana hana su barcin rana, jama'a maza da mata, assalamu alaikum.

Ina gode wa duk wanda ya share fili, da wanda ya jera kujera, da wanda ya rufe shagonsa ya zo. Yau ne karo na farko da muka fitar da motocin kashe gobara daga rumfarsu alhali babu inda ke ci da wuta.

Ni ba mutumin jawabi ba ne. Shekara ashirin da shida ina wannan aiki, kuma abin da na iya shi ne tsawa. Wanda ya kamata ya tsaya a nan shi ne mutumin da muka taru don karramawa, ga shi can a kujerar gaba da farin ƙyalle a wuya. Jiniya muke ce masa, domin idan ya ce "A ƙaro ruwa!" daga saman tsani, direban da ke riƙe da famfo a ƙarshen layi yana jin sa. Ciwon daji ya kama masa maƙogwaro. An yi masa aiki, Allah ya tashi kafaɗunsa, amma muryar ta tafi. Don haka a madadinsa zan yi magana uku.

Ta farko, laifinmu ne, kuma nawa ya fi yawa. Mu 'yan kwana-kwana muna da wata ɗabi'a. Ba ma son wanke hular kwano. Wanda hularsa ke ƙyalli, baƙo ne a wurinmu, bai ga wuta ba tukuna. Wanda tasa ta yi baƙi ƙirin, shi ne gwarzo. Da wuta ta mutu sai mu cire takunkumi mu shiga tonon toka da buɗaɗɗen hanci, domin wanda ya bar nasa a fuska sai mu yi masa dariya. Ni na koya wa Jiniya wannan. Da bakina na ce masa, "Kai, cire abin nan, wuta ta mutu, me kake tsoro?"

Da muryarsa ta fara dashewa, me muka ce? Muka ce hayaki ne. Ya yi tari a mota, muka ce hayaki ne. Abinci ya fara tsaya masa a wuya, muka ce hayaki ne, har ana tsokanarsa wai jiniya ta lalace, a kai ta wurin gyara. Wata takwas muna faɗin haka. Matarsa ce ta zo ofishina wata safiya, ko zama ba ta yi ba, ta ce, "Maigida, makonsa uku ke nan yana hutu, bai je ko kusa da wuta ba. Wane hayaki ne ke bin mutum har ɗakinsa?" Ba zan rantse cewa tokar ce ta jawo masa ciwon ba, wannan sanin likita ne. Amma watanni takwas ɗin nan mu muka cinye su. Likitan da ya duba shi ya ce da an zo da wuri, mai yiwuwa da an ceci muryar. Wannan magana tana damuna har yau, kuma ba na jin za ta daina.

Ta biyu, godiya ce ga masu aikin sa kai. Su bakwai suka fara: matar Jiniya, da wata tsohuwar ma'aikaciyar jinya da ta yi ritaya, da mai askin da ke bakin ƙofarmu, da wasu huɗu. Ba wanda ya aike su. Sun shiga kasuwa, sun shiga tashar mota, sun shiga garejin makanikai, suna maimaita abu ɗaya: muryar da ta dashe ta wuce mako uku, ƙullutun da ya fito a jiki ya ƙi tafiya, gyambon da ya ƙi warkewa, jinin da ba a san dalilinsa ba, a kai wa likita ya gani. An kore su a wasu wuraren, an ce suna kira wa mutane ciwo. Washegari suka koma. Mai askin nan yanzu ba ya sakin kan mutum sai ya leƙa wuyansa. Jiniya kuwa yana bin su da ɗan allo da alli, kuma duk inda ya kwance ƙyallen nan aka ga tabon aikin da aka yi masa a wuya, sai mutane su tsaya su saurara.

Ta uku, roƙo ne. Ya ku abokan aikina, kowace safiya muna warware tiyo mu duba ko ya huje, muna auna iskar tukunyar numfashi da muke goyawa, muna tayar da mota mu saurari injinta. Ƙarfe muna duba shi kullum, roba muna duba ta kullum, amma mutumin da ke ɗaukar su bai taɓa shiga layin dubawa ba. Daga gobe, a wannan ofishi, hula za ta sha sabulu, kuma takunkumi ba zai bar fuska ba sai an bar wurin gobara. Wanda ya yi dariya ya zo ya same ni. Yau kuma ga tebur uku can inda motoci ke tsayawa, likitoci na jira. Ku da kuka zo kallo, ku ma da ku ake.

Saura abu ɗaya. Ɗazu kafin in hau nan, na sunkuya na tambayi Jiniya ko akwai abin da yake so in faɗa da sunansa. Ya ɗauki allonsa ya yi rubutu ya miƙo mini. Na yi zaton godiya ce ga jama'a. Ga abin da ya rubuta: "Maigida, watanka huɗu kana wannan tarin. Ina ƙirgawa."

Gaskiya ya faɗa. Kun ji ni ina gyaran murya tun da na fara magana. Matata ta tambaye ni, 'yata ta tambaye ni, kuma kun san amsar da na ba su. Na shiga gidajen da rufinsu ke zubowa ban ji abin da nake ji game da teburin can ba. Tsoro nake ji, kuma na faɗa a gabanku domin kada wani ya ce shi kaɗai ne.

Allah ya ƙara wa Jiniya lafiya, ya saka wa matarsa da alheri. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya jiƙan waɗanda wannan ciwo ya raba mu da su. Allah ya ƙarfafi masu aikin sa kai, ya mayar da kowa gidansa lafiya.

Malama mai rajista, ki buɗe littafinki, ki sa sunana a layin farko. Jiniya, taso ka raka ni.

Na gode.