Ni Ma Fa Lauya Ne

Salamu alaikum Malam mai karanta wasiƙu, barka da aiki.

Ni sabon lauya ne, ina ƙarƙashin wani babban lauya ɗan Kudu a Sabon Gari. Ba ya jin Hausa, saboda haka sauraron masu ƙara, fassara da rubutu duk a kaina suke. Albashin kuwa da ƙyar yake biyan hayar ɗakina a Samaru.

Jiya muka ci shari'ar gonar wani dattijo daga ƙauyen Basawa. Ya durƙusa ya gode wa maigidana, sannan ya dube ni ya ce, "Tafinta, dage da karatu, wata rana kai ma ka zama lauya."

Tun jiya na kasa zaune na kasa tsaye. Jama'a, in haƙura ne, ko in kama gabana?

Naku, Garba, Samaru.