Ƙwaya Biyu a Jini Ɗaya

Wa ya fi laifi, wanda bai sani ba ko wanda ya ƙi sani? Wani tela a layin karɓar magani ya mayar wa ma'aikaciya kwaroron roba da ta ba shi, ya zauna.

"Ɗana, don me ka ƙi?" in ji matar gefensa.

"Inna, ina ruwanki? Ni da matata duk ƙanjamau gare mu. Wanda ruwa ya riga ya doka, me zai yi da laima?"

"Haka mijina ya ce. Ashe ƙwayar iri-iri ce. Tasa ta gauraya da tawa a jinina, maganina ya daina ci. Sau biyu ana sauya mini. Matarka fa?"

Tela ya tashi, ya koma wurin ma'aikaciyar, ya miƙa hannu.