Na Koyar da Goyo Ban Taɓa Goyo Ba

'Yan'uwa, ina gaishe ku cikin sunan Yesu Almasihu mai cetonmu. Sunana Rifkatu, ungozoma ce ni a wani ƙaramin asibiti wajen Gidan Igwai. Ciwon da Ubangiji ya warkar mini ba ya fitowa a gwajin jini. Raina kai ne.

Bara aka tura ni kwas na koyo yadda ake ɗaure bakwaini a ƙirjin uwarsa, fata da fata, ɗumin jikinta ya riƙe shi. Aka ce in dawo in koya wa manyana. Ni da na shekara shida da aure ban goya ɗan kaina ba! Duk safiya in na sa farar riga, zuciyata sai ta ce, "Aro kika yi, yau za a gane ki."

Ranar da na fara bayani, babbar ungozomarmu Hajiya Ige ta leƙo ni ta saman tabarau.

"Ɗiyata, mu a baya munka san goyo. Ke wa kinka taɓa goyawa?"

Aka yi dariya. Na naɗe takarduna, wata biyu ban sake tada maganar ba.

Sai wata Talata da rana wata mata daga Wamakko ta haifi bakwaini. Babu wuta, kwalbar jarirai ba ta aiki, ƙafafun yaron sun fara sanyi. Na shiga ɗakin ajiya na durƙusa. Na ce, "Yesu, kada tsorona ya kashe ɗan mutane. Ko za su yi dariya, ka buɗe bakina."

Na fito na kwantar da shi a ƙirjin uwar. Na ɗaura zani, ya kwance. Na sake, ya zame. A wurin kwas da 'yar tsana muka gwada. Kowa na kallo, har da Hajiya Ige. Da a da ne, da na gudu. Sai na ji bakina ya ce, "Hajiya, na san yadda zai kwanta, amma ban iya ɗauri ba. Ki taimake ni."

Matar nan, Allah ya saka mata. Ba ta yi mini gori ba. Ta zare mayafinta, ta zagaya, ta ƙulle tsaf, ta ce, "To, nuna min inda hancinai za ya duba." Na nuna mata. Kafin la'asar ƙafafun sun yi ɗumi.

Washegari ita ta tara ma'aikata, ta zauna a gaba, ta ce, "Malama, muna saurare."

Watan jiya uwar ta kawo yaron, ya yi ɓul-ɓul. Hajiya ta karɓe shi, ta ce mini, "Juya, in koya miki namu." Ta ɗora shi a bayana, ta ja majanyi. Goyona na farko ke nan, na tsaya ina kuka a gaban marasa lafiya.

Na gode wa Yesu! 'Yan'uwa, ku dogara gare shi. Abin da ya ba ku, ku fito da shi, wanda ba ku iya ba kuma ku faɗa. Ya riga ya ajiye mai ɗaure muku. Amin.