Da Girmamawa, Ba Haka Ba Ne: Tunawa da Ustaz Lazhar Gasmi

Jawabin Malam Munsif Zorgi a taron cikar marigayi kwana arba'in, a zauren Ƙungiyar Raya Gari, kamar yadda aka ɗauke shi.

Da sunan Allah, wanda rai da mutuwa suke hannunsa.

Mai girma wakilin gwamna, limaminmu, shugaban Ƙungiyar Raya Gari, Si Belgasim Rtibi, lauyoyin da suka taso daga Kasserine da Tunis, Hajiya Shadliya, mai ɗakin marigayi, da 'ya'yansa da jikokinsa, sai ku ɗalibansa da kuke tsaye a baya domin kujeru sun ƙare kafin a zo kanku: assalamu alaikum.

Tun ranar da muka kai Ustaz Lazhar makwancinsa nake jin magana guda a wajen gaisuwa, wai ya ƙarar da ƙarfinsa yana koya wa yaranmu doka don su ci jarrabawar shiga makarantar lauyoyi. Masu faɗin haka da zuciya ɗaya suke faɗa, amma sun yi kuskure. Yaranmu da dokarsu suke dawowa daga jami'a. Jarrabawar rubutu ba ta cika ba mu tsoro ba. Inda ake kayar mana da su ita ce ta baki, ranar da yaro zai tsaya shi kaɗai a gaban dattawan lauyoyi su yi masa tambaya ido da ido.

Kuma ba tarihi kawai na zo bayarwa ba. A cikin zauren nan akwai Rihab, 'yar Si Tahar Nasri. Ta ci ta rubutu, ta baki na jiran ta a ƙarshen watan nan, kuma ta ce ba za ta je ba. Na gaya mata zan ambaci sunanta yau. Ta ce, "Malam, ka ambata, ba abin da zai canja." In muka watse yarinyar nan tana kan bakanta, to duk yabon da muka jera a nan kanmu muka yi wa, ba Ustaz ba.

Ustaz ya kasance lauya a birni, yana da ofis da suna, ya tattara ya dawo garin nan da furfurarsa. A shekarar da ya dawo ne Nidal, wanda kuke gani a sahun lauyoyi, ya je jarrabawar baki ya faɗi, alhali a ta rubutu yana cikin na gaba. Gari ya ɗauka: ai an riga an raba kujerun ga 'ya'yan manya. Ustaz ya aika aka kira Nidal gidan kofi, ina zaune.

"Me suka tambaye ka?"

"Wani dattijo ne ya ce min, ai a dokar ƙasar nan miji na iya sakin matarsa da baki a cikin gida, ko ba haka ba?"

"Ka ce masa me?"

"Na ce, haka ne, yallabai."

"Ba ka san sai a gaban kotu ba?"

"Na sani, Ustaz. Ko ɗan ajin farko ya sani."

"To?"

"Ustaz, sa'an kakana ne fa. Furfura har a gira."

Ustaz ya yi dariya har kofi ya sarƙe shi. Sannan ya daina dariyar, ya ce, "Ɗana, alƙalin da za ka tarar ma sa'an kakanka ne. Ran da ya yi kuskure a kan wanda kake karewa, sai ka sunkuya ka ce Allah ya ƙara girma?"

A nan ya gano ciwonmu. Dattijon can bai zalunci Nidal ba. Da gangan ya faɗi abin da ba daidai ba, don ya ga ko yaron zai tsaya, kuma aikinsa ke nan. Mu ne muka aika yaro da baki a ɗaure. Mu muka koya masa tun yana rarrafe cewa ba a kallon babba cikin ido, ba a ce masa a'a, in ya ce rana ta faɗi da tsakar rana sai a kunna fitila. Tarbiyya ce, kuma ba na zagin ta. Amma ɗan lauyan da ya tashi a Tunis yana musu da ubansa a kan teburin abinci tun yana ƙarami, namu kuwa sai mu ɗora shi a motar haya da ladabinsa, ya je ya faɗi, ya dawo mu tare shi da cewa ai dama an raba kujeru.

Wannan maganar ta raba kujeru, ina so in tsaya a kanta. Ban ce duniya tsaf take ba. Amma ku faɗa min, yara nawa aka hana kujera a birni, yara nawa kuma muka kashe wa gwiwa a nan, a gidan kofi tsakanin hannun karta da hannun karta, tun kafin su sayi tikitin mota? Yaro ya shafe watanni da littafi a cinya, ya fito shan iska, kawunsa ya ce masa, "Kai har yanzu kana wannan wahalar? Waye ubanka a can?" Mai faɗin haka ya tashi ya tafi gida ya ci kuskus ɗinsa, yaron kuma ya rufe littafi.

Ustaz ya kasance mai neman magani, ba mai zaman jimami ba. Maganin da ya samo kuwa duk kun san shi, zaman Alhamis, wanda yara suka raɗa wa suna zaman ƙarya. Sai ya bi gidan kofi ya kwaso tsofaffin da suka fi kowa ɗaure fuska, ya jera su a kan tebur a cikin zauren nan, ya raɗa wa kowa ƙaryar da zai faɗa a kan doka. Ɗalibi ya shigo, tsoho ya murtuke ya faɗi tasa. Aikin ɗalibi ya ɗago kai, ya dube shi, ya ce, "Da girmamawa, yallabai, ba haka doka ta ce ba," sannan ya kawo dalili. Wanda ya faɗa yana kallon takalminsa, sai Ustaz ya ce, "Takalmin ya ji, saura mu." Wanda ya faɗa da tsawa kuma a mayar da shi waje ya sake shigowa, don ba rashin kunya ake koyarwa ba.

Tsofaffin nan sun ji daɗin aikin fiye da yaran. Tsohon wanzaminmu, Allah ya jiƙansa, har ya soma ƙirƙiro nasa dokokin. Ustaz ya ce masa, "Baba, ka tsaya a kan wadda na ba ka." Ya ce, "Lazhar, shekara da shekaru ina yi wa mutane ƙarya kyauta a shago, yau da aka ba ni kujera za ka auna min?"

Ya kasance ba ya yarda da jiran sha'awa. Ɗalibi ya ce masa yau ba ya jin karatu, sai ya ce, "Ni ma ba na jin ganin ka, ga shi mun haɗu. Buɗe." Lokacin tsinkar zaitun, da gidaje ke janye yara zuwa gona, shi yake bin su can, ya tsaya a gindin bishiya yana jefa tambaya sama, amsa na saukowa tare da zaitun.

Ya kasance ranar da sakamako ya fito ba ya zuwa gidan da ake guɗa. Gidan da aka yi shiru yake nufa. Ya zauna, ya sha shayi, ba wa'azi. In zai tashi ya ce, "Kuka naka ne har zuwa Juma'a. Asabar ina jiran ka." Da yawa daga masu baƙar rigar lauya a sahun gaba, irin wannan Asabar ɗin ce ta dawo da su.

Yanzu zan faɗi abin da zai yi wa wasu ɗaci. Ɗazu Si Belgasim ya tsaya a nan ya ce Ƙungiya ta tsaya wa marigayi daga farko har ƙarshe. Si Belgasim, ka girme ni, kuma gidanku da namu ba su taɓa saɓawa ba. Da girmamawa, ba haka ba ne.

Duk muna nan ranar taron shekara da ka ce kwamiti na iya ƙara wa kansa wa'adi ba tare da ƙuri'ar 'yan ƙungiya ba. Wani ɗalibin Ustaz ya miƙe, ya gaishe ka, ya ce tsarin ƙungiya bai ce haka ba, ya karanto wurin. Bai ɗaga murya ba. Alhamis ta zagayo, Ustaz ya iso da tsofaffinsa da yaransa, suka tarar an canja kwaɗo. Aka ce gyara za a yi. Ku ɗaga kai ku dubi rufin nan, ku nuna min gyaran. An yi bukukuwan aure a nan, an yi taron masu neman ƙuri'a, zaman Alhamis ne kaɗai rufin zai faɗo wa. Muka kuma ji abin da ake faɗa a bayan fage, wai Lazhar yana lalata mana yara, yana koya musu fitsara. Fitsara. Mutumin da yake mayar da yaro waje don ya manta da cewa yallabai.

Yau kuma ga hotonsa an rataye a bangon da aka hana shi jingina, an zagaye shi da furanni.

Hajiya Shadliya, ke kika kwashe tulunan man zaitun da buhunan garinki daga ɗakin ajiya, kika shimfiɗa tabarma, zaman Alhamis ya koma gidanki. Ke kika riƙa hura gawayi a kasko saboda sanyin dutsen nan, kina dafa shayin mutanen da ba ki gayyata ba. Ba ki taɓa tsayawa a taro kin ce kin tsaya masa ba. Garin nan bai gode miki ba, kuma ya kamata ya ji kunya. Ku 'ya'yansa, kun yi rabon uba da yaran mutane ba a tambaye ku ba. Mun sani, kuma muna roƙon ku yafe mana.

Na dawo kan Rihab. A cikin ɗaliban bana ba wanda ya kai ta riƙe doka, kuma ba wanda murya ke gudu daga gare shi gaban furfura kamar ta. Si Tahar ya yi tarbiyya, har ta yi yawa. Ita ta yanke wa kanta cewa in bana ba ta shiga ba, za ta bi yayarta masaƙar tufafi a bakin teku, domin ƙannenta na tasowa. Ustaz ya yi ta fama da ita har ta soma ɗago kai. Sai ciwo ya kwantar da shi.

Ta je duba shi, ina wurin, Hajiya na wurin. Yana numfashi da ƙyar. Ya buɗe ido ya gan ta, ya ce, "Rihab, ashe wanda ake tuhuma shi zai kawo hujjar cewa bai aikata ba?"

Ta dubi yadda ƙirjinsa ke hawa da sauka, ta ce, "Haka ne, Ustaz. Ka huta."

Ya ce, "Tausayina kike ji? Fita. Ki dawo Alhamis ki gyara."

Bai kai Alhamis ba. Tun ranar ba ta buɗe littafi ba. Na je gidansu, ta ce min, "Malam, tambayarsa ta ƙarshe na faɗi. Me zan je yi a birni? Kuma yanzu wa zai yi min ƙarya?"

'Yata, ni ba Ustaz ba ne, darasin tarihi nake koyarwa. Amma furfurata ta isa, ga wakilin gwamna, ga liman, ga mahaifinki, ga lauyoyi sahu guda. Ba za ki tarar da fuskokin da suka fi waɗannan nauyi a Tunis ba. Saboda haka ku saurara, jama'a, zan sanar da ku wani abu. A dokar ƙasar nan, wanda ake tuhuma shi zai kawo hujjar cewa bai aikata ba. Na faɗa, kuma ba zan sauka ba sai an gyara min.

Nidal, zauna. Ba da kai nake ba.

Ina jira. Ba na sauri.

Si Tahar, kada ka dube ta. Dubi gabanka.

Rihab, na ga kin miƙe. Takalmin ya ji, saura mu. Ɗago, 'yata.

Ga abin da ta ce, don na nesa: "Da girmamawa, Malam, ba haka doka ta ce ba. Mutum marar laifi ne har sai kotu ta tabbatar, kuma mai tuhuma shi zai kawo hujja." Kuma ni take kallo. Hajiya, kin ji ta.

Sau ɗaya ba ya isa, kuma Alhamis ɗin da suka rage kaɗan ne. Si Belgasim, muna neman mabuɗin zauren nan, muna kuma neman ka da kanka a tsakiyar tebur, domin duk garin nan ba fuskar da ta fi taka wuyar musantawa. In Rihab ta iya da kai, ta gama da birni. Ku kuma iyaye, kowa ya gwada a gidansa yau. In an zauna cin abinci, ka faɗi abin da ka san ba haka yake ba, ka jira. In ɗanka ya gyara maka cikin ladabi, kada ka ɗaure fuska. Ka ƙara masa nama.

Mun gode wa duk wanda ya taso daga nesa, da waɗanda suka tsaya a kan ƙafa tun farkon taro. Allah ya jiƙan bawansa Lazhar, ya yafe masa kurakuransa, ya yalwata masa kabarinsa, ya tabbatar da harshensa a wajen tambaya. Allah ya ba Hajiya da zuriyarsa haƙurin rashinsa. Ya buɗe bakin yaranmu a kan gaskiya, ya ba mu, mu manya, juriyar sauraro. Amin.